Kan fitilar cek injin da muke mannewa da salatif

Assalamu alaikum jama'a. Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, amma ina roƙon duk mai mota a Gombe, musamman mai tokumbo 'yar Amurka, ya daure ya karanta.

A watan Maris, zafi na tsakiyarsa, na cika tanki a hanyar Bauchi. Bayan kwana biyu fitilar nan mai siffar inji ta kama a dashbod ɗin Corolla ta. Mota kuwa lafiya lau, ba gargada, ba baƙon ƙara. Na kai ta wajen bakaniken da na daɗe ina hulɗa da shi. Ko bonet bai buɗe ba ya ce, "Alhaji, rabu da ita, ai duk 'yan Kwatano haka suke. In tana damun idonka a cire ƙwan, ko mu manna mata baƙin salatif." Ban yarda ba. Na tafi wajen wani rewaya mai kwamfuta, ya jona, ya danna, fitila ta mutu, ya karɓi kuɗinsa. Na ce me na'urar ta nuna? Ya ce, "Ƙaramin abu ne yallaɓai, na goge shi." Kwana huɗu ta dawo.

Na ukun wani matashi ne. Shi ya fara juyo mini da fuskar na'urar na ga lambar da idona, P0455. Ya zagaya baya ya kwance murfin tanki, ya nuna mini robar da ke bakinsa ta bushe ta tsattsage. Abin da ya sa na yi ta zarya kenan.

Daga ranar na zauna na fahimci abin, kuma shi ya sa nake wannan rubutu. Fetur ba ya zama shiru a tanki, kullum tururi yake yi, balle a rana irin ta Maris da Afrilu a garin nan. Masu ƙera mota ba su bar tururin ya tafi iska ba. Akwai tiyo da ke kai shi wani ɗan akwati cike da gawayi, gawayin ya tsotse ya riƙe. Idan inji ya yi zafi ana tafiya, sai biren bos, wato kwamfutar motar, ya buɗe wani bawul, inji ya zuƙe tururin ya ƙona shi tare da mai. Akwai bawul na biyu da ke shigar da iska cikin akwatin. Duka wannan shi ake kira EVAP. Tun daga ƙirar 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motoci tsarin OBD-II, wanda mota ke binciken kanta da shi, mai soket ɗin nan mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari, kuma motocin da aka ƙera don kasuwarsu suna gwada kansu ko tankin na yoyon iska. Gwajin yana da tsanani ƙwarai. P0455 babban yoyo ne, P0442 rami ne kamar na milimita ɗaya, P0456 kuwa kusan rabin milimita, abin da da ƙyar ido ke gani. P0441 na nufin tururin ba ya wucewa zuwa inji yadda ya kamata, P0446 kuma ɓangaren bawul ɗin iska ne.

Shi ya sa gogewa ba gyara ba ce. Motar ba kullum take yin gwajin ba. Tana jiran mai ya kasance ba a cike taf ba kuma bai yi ƙasa sosai ba, inji ya huce, wasu Toyota ma sai an kashe su da awanni, mutum na barci, sannan ɗan famfonsu ya tashi ya gwada. Kuma galibi sai ta faɗi gwajin sau biyu kafin ta kunna fitila. Wanda ya goge lamba ya san kwanaki za su wuce kafin ka dawo, ka ɗauka wata sabuwar matsala ce. Wannan a wajena cin amana ne, ko da mai yi bai ɗauke shi haka ba.

Amma mu direbobi ma da namu laifin, kuma babba ne. Tun zamanin layin mai muka saba, famfo ya yi ƙas ya tsaya, mu ce wa yaron gidan mai, "Ƙara dai, ɗan'uwa, cika shi har wuya." Wasu har jijjiga motar suke yi, ko su ɗora taya kan dutse don ta karkace. Na fahimci dalili, duk wanda ya kwana a layi ya san zafin abin, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 kowace lita da ciwo ake sayenta. Sai dai sararin da ya rage a saman tanki da gangan aka bar shi. In ka cike shi, ɗanyen fetur ne zai gangara cikin akwatin gawayi, wanda tururi kaɗai aka yi shi ya ɗauka. Gawayin ya jiƙe ya farfashe, ɓurɓushinsa ya bi tiyo ya maƙale bawul a buɗe. Alamarsa sananniya ce: ka sha mai, ka murza ki, mota ta yi ta jan numfashi kafin ta tashi, ko ta riƙa rawa a silo. Nan da nan sai a ce fiyel famfo ne, a canza, matsala na nan. Ga ƙurar hunturu da ta hanyoyin ƙauye tana toshe matatar iskar akwatin, har ka ga famfo na ta yankewa tanki bai kai rabi ba. Ga masu toshe bakin tanki da leda da tsumma in murfi ya ɓata.

Roƙona ga ogogin gareji shi ne a bi abu daki-daki. A karanta lamba, a rubuta wa mai mota a takarda. A fara da murfi, shi ne mafi araha. A duba tiyoyi, zafi na busar da roba. A cire bawul ɗin da ke kai tururi inji a hura, idan ba a ba shi wuta ba bai kamata iska ta wuce ba. In duk ba a gano ba, akwai na'urar da ke tura hayaki cikin tsarin a ga inda yake fita. Kada a fara da sayen akwatin gawayi don kawai lamba ta ambaci EVAP.

Na san za a ce ai motar na tafiya, mene ne na damuwa? Gaskiya ne, yoyon murfi ba zai tsayar da kai a Alkaleri ba. Amma fitilar guda ɗaya ce, ita ke magana kan ɗaruruwan matsaloli. In ka bar ta a kunne wata shida saboda murfi, ko ka cire ƙwanta, ran da fulogi ko kwayil ya mutu da me za ka sani? Idan tana ƙyaftawa, inji ne ke ɓarin wuta, ɗanyen mai na zuba cikin indomi, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, yana ƙona shi, kuma kowa ya san kuɗin indomi yanzu. Wanda ke bayan salatif ba zai ga ƙyaftawar ba, ga iyali a mota, ga tafiyar dare.

Da muka sa sabon murfi na asali, matashin ya ce in ina so kada ya goge komai, motar da kanta za ta kashe fitilar idan ta ci gwajin sau uku a jere. Na ce a bar ta. Kwana shida na yi ina kallonta, ran na bakwai da safe zan tafi Kumo na tada mota, ta kama tare da sauran fitilu, ta mutu tare da su.