Ga Mai Alƙalami a Hannu da Goyo a Baya

Assalamu alaikum 'yan uwana mata marubuta da masu zane, musamman ku ƙannena da kuka shigo harkar nan da ɗan fari a baya.

Wata Laraba da la'asar sakaliya, cikin zafin nan na Afrilu wanda ko iska ta kaɗo sai ka ji kamar daga bakin murhu ta fito, ina zaune a tsakar gidanmu da ke wajen Ƙofar Marusa, na jingina da bango, waya a hannu. An ɗauke wuta tun safe, caji ya kusa ƙarewa, ga mata can a zauren WhatsApp suna jiran ci gaban labarin da na yi alkawarin saki kafin magariba. Manyan yaran sun tafi Islamiyya. Ƙaramar, lokacin tana da shekara huɗu, tana gindin bedi tana wasa da 'yar tsana, ta goya ta da tsohon ɗankwalina. Sai na ga ta sauke ta, ta zaunar da ita a kan tabarma, ta ɗauko wani fasasshen tayil ta riƙe da hannu biyu, tana ta danna shi da manyan yatsunta. Can ta ɗago kai, ta galla wa 'yar tsanar harara, ta ce: "Wai ba za ki bar ni in gama feji ba? Tashi ki ba ni wuri!"

Muryata ce sak. Har tsakin da na saba ja a ƙarshe sai da ta ja.

Ranar ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Na kife wayar, na jawo yarinyar na rungume, ita kuma tana ta zillewa don ba ta san abin da ya same ni ba. Shekara uku ke nan da faruwar wannan, kuma sai yanzu na ji zan iya yi maku maganar.

Kada wata ta ɗauka zan ce ta ajiye alƙalami. Ko kusa. Na sha jin ana cewa mace mai yara ina ta ga ta rubutu, ni ma an faɗa mani a gidan suna, an faɗa mani a gidan biki ina tsaka da zana wa amarya lalle. Duk mai wannan magana bai san tarihinsa ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, matar aure ce a gidan Waziri Giɗaɗo, ta haihu ta yi reno, kuma ta bar waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta horar da mata malamai da ake kira jajis, waɗanda suka riƙa shiga ƙauyuka suna karantar da mata ɗalibai da ake kira 'yan taru. A nan garin namu ma, Abubakar Imam yana koyarwa ne a makarantar Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Babu wanda aka ware wa ɗaki aka ce zauna ka yi ta rubutu, abinci zai same ka. Kowa a cikin hidima ya yi nasa. Baiwar da Allah ya ba ki ba kuskure ba ce, kuma haihuwa ba ta goge ta.

Abin da nake tsoro shi ne yaranmu su zama su ke biyan kuɗin wannan baiwa ba da saninsu ba.

Bayan abin da ya faru, na ɗauki sati guda ina yi wa kaina lissafi a bayan wani tsohon littafin makaranta. Duk sa'ad da na ɗauki waya da sunan aiki sai in rubuta lokaci, in na ajiye in rubuta. Abin da na gani ya girgiza ni. Rubutun kansa, wato zama a ƙirƙiri labari, bai wuce awa ɗaya da rabi a rana ba. Sauran duk karanta sharhi ne, da amsa wa mai cewa a kashe kishiyar, da rarrashin wadda ta ji haushi jarumar ta yafe wa mijinta, da duba shaidar biya, da cacar baki da wadda ta fitar mani da littafi zuwa wani zaure. Awa biyar, wata rana shida. Ashe ba rubutu ne ya raba ni da yarana ba, hayaniyar da ke kewaye da rubutun ce. Ina roƙonku, kowacce ta gwada wannan lissafin ita kaɗai, tsakaninta da Allah, ba sai ta nuna wa kowa ba.

Tushen matsalar kuwa alkawarin feji kullum ne, wato sakin wani yanki na labarin kowace rana. Duk mun san yadda abin yake tafiya. Ki saki fejin kyauta guda goma ko ashirin, labari ya kama mutane, ki sa lambar asusu, a biya, a shiga zauren kuɗi. Daga wannan rana kin zama mai bashi a wuya. Kuɗin mutane amana ne, ba na musun haka. To amma labarin da kika sayar bai wanzu ba tukuna, yana cikin kanki, kuma za ki fito da shi ne ko yaro na zazzaɓi, ko baƙi sun zo daga Mani, ko an yi rasuwa a dangi. Ranar da abu biyu suka haɗu, wa kike jin zai sha tsawa? Masu karatu suna da baki, suna da yawa, suna iya fita daga zaure su ɓata maki suna. Yaro ba shi da kowa sai ke, kuma ko kin kore shi zai dawo. Shi ya sa kullum a kansa abin yake ƙarewa.

Ni dai yanzu ba na sakin feji na farko sai na rubuta kashi biyu cikin uku na littafin. Kuma tun a farko nake faɗa masu: Litinin, Laraba, Asabar, bayan isha'i. Wasu sun yi ƙorafi, wasu ma sun tafi. Waɗanda suka tsaya su da kansu suka ce labarin ya fi daɗi, saboda na daina jan zance don kawai in cika feji. Wadda kuma take da jariri a hannu, ina ba ta shawara ta jingine dogon littafi zuwa bayan yaye, ta koma gajeren labari. Ga gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 don mata zalla, ga wasu gasanni da ƙungiyoyin marubuta ke sawa. Gajeren labari yana koya wa hannu tsimin kalma, abin da da yawanmu muka rasa.

Lokaci kuma ba ya zuwa wa uwa a dunƙule, gutsure-gutsure yake zuwa, sai dai ki iya tsinta. Akwai rabin awar nan ta bayan sallar asuba, kafin a ɗora ruwan koko, gari shiru sai carar zakara, musamman da hunturu da yara ke nannaɗe cikin bargo. Akwai tsakanin tafiyarsu boko da ɗora girkin rana. Ina da ƙaramin littafi da biro a saman kwandon albasa, duk ya sha manja. In wata magana ta faɗo mani ina tsaka da wanke-wanke, sai in goge hannu in rubuta layi ɗaya in ci gaba. In hannun ba zai gogu ba, in danna waya in naɗi muryata. Rabin hirarrakin da ke cikin littafina na ƙarshe a bakin murhu aka haife su. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. A kan ibada ya faɗa, amma na ga hikimar tana aiki har a sana'a.

Akwai wani hadisi da na sani tun ina Islamiyya, amma ban fahimce shi ba sai da na haihu. Annabi yana jan mutane salla ɗauke da jikarsa Umama, ɗiyar Nana Zainab. In zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya sake ɗaukar ta. Salla fa, ganawa da Ubangiji, ga sahabbai a bayansa. Kuma ya ce yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro, sai ya taƙaita don kada ya wahalar da uwar. Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan, 'yan uwa. In kukan yaro ya isa a taƙaita salla, mene ne babi na goma sha bakwai da ba za a iya tsayar da shi a tsakiyar jimla ba? Jimlar tana nan, za ki dawo ki same ta. In ma ta gudu, wata za ta zo. Amma tambayar da yaro ya zo da ita yau, in kika kore shi sau uku, a na huɗu wurin wani zai kai ta, kuma ba ke za ki zaɓa mashi wanin ba.

Wani abin da muke yi, kuma na yi shi, shi ne miƙa wa yaro tsohuwar waya don ya yi shiru mu samu mu yi aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Mu da muke da takarda da alƙalami a gida, me ya kai mu? Na ware masu gefe ɗaya na katangar bayan gida, na ce wannan taku ce, ga gawayi, ga alli. In damina ta zo ta wanke, su sake sabo. In ina haɗa lalle, ina ɗiba masu kaɗan a leda in huda bakin, su yi ta zane a kan kwali. Jan lalle kawai nake nufi. Dayis da sauran kayan haɗin baƙin lalle a can saman sif suke zama, don suna iya ƙona fata, wasu manyan ma sukan kumbura balle yaro. Makon salla da jajibirin biki, lokacin da mata ke cika gida har tsakar dare, ina kai ƙananan wurin Hajiya tun da rana, ba na barin su suna gyangyaɗi a tsakanin ƙafafun mutane suna jin hirar da ba tasu ba.

Sai abin da ya fi ci mani rai. Mu ne masu ba dubban baƙi labari, amma 'ya'yanmu da yawa ba su taɓa jin "ga ta nan, ga ta nanku" daga bakinmu ba. Kakanninmu ba su san boko ba, amma sun cika mana kai da Gizo da Ƙoƙi, da 'yar bora da 'yar mowa, a kan tabarma cikin farin wata. Daga can muka samo kunnen labari. Wani hutu muka shiga mota da su zuwa Daura, suka leƙa rijiyar Kusugu, aka ba su labarin Bayajidda da macijiya da sarauniya Daurama. Har muka dawo gida na tsakiyan yana tambaya yadda aka yi mutanen gari guda suka haƙura da ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Wata Asabar kuma muka je Hasumiyar Gobarau, da tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wanda yanzu gidan tarihi ne. Kuɗin da muka kashe bai kai na data ta wata ɗaya ba.

Ku kuma tuna yaron da ke rarrafe yau, nan da shekara goma zai iya karatu, kuma abin da aka saki a intanet ba ya dawowa. Kafin ki rubuta wani fejin don a ce littafinki da zafi, ki ɗauka ɗiyarki ce mai shekara goma sha huɗu za ta karanta a wayar ƙawarta, da sunanki a sama. Haka nan sirrin yaro, fitsarin kwance ne ko faɗuwa jarrabawa, ba kayan nishaɗin mabiya ba ne.

Ku ma maza, marubuta da mawaƙa da masu zayyanar allo, maganar ta shafe ku. Kuna dawowa daga majalisa sha ɗayan dare, kun yi wa duniya waƙar tarbiyya, naku sun yi barci ba su gan ku ba. Nana A'isha da aka tambaye ta me Annabi yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa. In matarka tana rubutu, ka kwashi yaran awa ɗaya ranar Asabar ku zaga gari. Baban yarana ya fara yi mani haka shekara biyu da suka wuce, Allah ya saka mashi da alheri, kuma a cikin waɗannan awowin na gyara littafi guda cur.

Har yanzu ina kasawa wata rana. Shekaranjiya ma na ɗaga murya, na koma na ba da haƙuri. Ita mai 'yar tsanar yanzu shekararta bakwai, tana aji biyu. Jiya bayan isha'i ta zo da wani littafi da ta ɗinke da zare daga ragowar takardun yayyenta, ta rubuta labarin wata mage da ta faɗa rijiya, akuya ta zo ceto. Shafi biyu ne, da hoton akuyar mai ƙafa biyar. Na tura wayata ƙarƙashin matashi, ta hau cinyata ta karanta mani da kanta, tana bin layi da yatsa. A daidai inda akuya ta jefa guga ta tsaya. Na ce to sai me ya faru? Ta ce ba ta rubuta ba tukuna, in bari sai ta dawo daga makaranta.