Dokar Agadez ba ta hana tafiya ba, hanya kawai ta canza

Marubucin wani labari ya ce soke dokar 2015-36 ta hana safarar baƙin haure a Nijar da shugaban mulkin soja Janar Abdourahamane Tiani ya yi a watan Nuwamba 2023 ne ya buɗe wa baƙin haure ƙofar Turai. To ai ƙofar ba ta taɓa rufuwa ba. Da aka fara aiki da dokar a 2016, bisa matsin lambar Tarayyar Turai, an kama direbobi a Agadez, an ƙwace motoci, amma masu tafiya ba su fasa ba. Kuɗin mota ne ya ninka, direbobi kuma suka bar hanyar Dirkou da kowa ya sani, suka riƙa ratsa hamadar Tenere ta inda babu rijiya don kauce wa jami'an tsaro. A 2017 mutum 44 ƙishirwa ta kashe bayan motarsu ta lalace a sahara. Wannan bai shiga labarin ba. Kuma fa a lokacin ɗan ECOWAS yana da 'yancin zuwa ko'ina cikin Nijar, sai ga shi ɗaukarsa a mota zuwa arewa ya zama laifi. Kai kuma malam da ka yi sharhi kan labarin cewa duk mai wannan tafiya kwaɗayi ne ya kai shi, 'yan Sudan da yaƙi ya koro har Agadez suna jiran a duba takardunsu na neman mafaka fa, su ma kwaɗayin ne? Sannan me ya sa ba a ce uffan ba kan mutanen da Aljeriya ke zubarwa a kan iyaka, su taka kusan kilomita 15 a ƙafa kafin su isa garin Assamaka na Nijar?