Ranar Rajistar Kulob

Laraba ce bayan la'asar a wata makarantar kwana ta maza, an fito da tebur gindin darbejiya, Malam ya baje rajista, 'yan aji huɗu sun yi layi kowa da guntun biro.

MALAM: Ku saurara, ba na maimaitawa. Firinsifal ya ce dole kowa ya shiga kulob ɗaya, wanda bai shiga ba duk Laraba shi da lauje ne a filin ƙwallo. Akwai JETS na kimiyya da ƙere-ƙere, ni ne uban kulob ɗin, akwai na 'yan jarida, muhawara, wasan kwaikwayo, Red Cross, sikawut, Man O' War da manoma matasa. MSS kuwa, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, tun 1954 take, ba ta jiran rajistata. Na gaba!

BAKANO: Malam barka da yamma, wanne ne ake samu?

MALAM: Ake samun me?

BAKANO: Yo Malam me ake samu a duniya?

MALAM: Ilimi, da gogewa, da satifiket in za ka fita.

BAKANO: Allah ya amfana. To wanne ne ake tara kuɗi?

MALAM: Kowanne, naira ɗari-ɗari duk zango.

BAKANO: A rubuta ni ma'aji.

MALAM: Na wane kulob?

BAKANO: Bari a gama layin tukuna mu ga inda jama'a suka fi yawa.

BAZAZZAGI: Ka ji ko Malam, Bakano ko makabarta ka kai shi sai ya tambayi nawa ake sayar da fuloti. Ni muhawara zan shiga, na ma haddace mabuɗin tun ina aji biyu. Gud aftanun Mista Ciyaman, fanel of jojis, akyuret taimkifa, kodibetas, ledis an jentulmen...

BAKANO: Ina ledis ɗin a makarantar maza? Kuma minti biyar ake ba ka, gaisuwa kaɗai ta cinye uku, sauran biyun ka yi ta gyaran wuyan riga kana duba takarda har a kaɗa ƙararrawa.

MALAM: Rabu da shi. Batun wannan zangon shi ne likita da malami wa ya fi amfani ga al'umma, wane ɓangare za ka ɗauka?

BAZAZZAGI: Likita mana.

MALAM: A gabana?

BAZAZZAGI: To Malam ai da hujja ake cin muhawara, kuma jiya mu huɗu muka tura maka babur daga get har kwatas.

MALAM: Fulogi ne ya jiƙe. Na rubuta ka, amma ni ne shugaban alƙalai, ka sani. Na gaba!

BAFULATANI: Aradu Malam ni manoman nan nake so. Akwai nagge?

MALAM: Babu nagge. Gona ce bayan ɗakunan kwana, masara da gyaɗa da wake, za ku koyi tazarar shuka da lokacin zuba taki, da yadda ake haɗa wake da masara a gona ɗaya saboda waken yana ƙara wa ƙasa ƙarfi.

BAFULATANI: Madalla. In an girbe wa ke ci?

MALAM: Ana... ana kaiwa sito.

BABARBARE: Sito mai taya huɗu. Bara da idona na ga buhu shida a but, motar har tana jan gindi a ƙasa wajen fita get, mu kuwa gabza aka ci gaba da ba mu da miya tsululu.

MALAM: Kai wa ya tambaye ka?

BAFULATANI: Ba komai Malam, rubuta ni, ni kara kawai nake so, in an gama sai baffa ya kawo shanu su yi kiwo.

BABARBARE: Malam kada ka yarda, wallahi "in an gama" ɗin Bafulatani tun masara na fitar da gemu ne, da safe za ku tashi ku tarar da kashin shanu da sawun sanda.

BAFULATANI: Ji bawana yana magana gaban ubangidansa.

BABARBARE: Wa ye bawan? Nawa kakana ya sayi kakanka, ƙwaryar gero ce fa ko cika ba ta yi ba.

MALAM: Ya isa! Kai wanne kake so?

BABARBARE: Red Cross.

MALAM: Alhamdulillahi, an samu mai tausayi. To bari in gwada ka, ana asembili rana ta take, firinsifal ya shiga minti na arba'in yana jawabi, yaro ya yanke jiki ya faɗi, me za ka yi?

BABARBARE: A kai shi inuwa a kwantar, a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta masa bel da maɓalli, a kori 'yan kallo ya sha iska.

MALAM: Kai! Wa ya koya maka?

BABARBARE: In ya farfaɗo kuma sai gulukos, cokali ɗaya nasa, biyu nawa tunda ni na ɗauko shi.

BAZAZZAGI: Dama! Ranar gasar wasanni ta gidaje ka ga 'yan Red Cross bakinsu fari fat, wanda ya yi gudun mita dubu da ɗari biyar yana kwance yana haki su suna bayan rumfa suna lasar tafin hannu. Akwatin nasu ma me ke ciki, aidin da auduga da bandeji ɗaya da ake wankewa, ciwon kai aidin, targaɗe aidin.

MALAM: In ka ga haka ka koma kulob ɗin jarida ka karanta ranar Litinin.

BAZAZZAGI: Wanda ya karanta labarin buhunan bara ai har yau yana yankan ciyawa.

Malam ya yi kamar bai ji ba, ya juya shafi. Man O' War ta cika tun kafin a kira ta, ƙartin aji duk sun yi can saboda kaki da but da damar tsare get. Sikawut mutum uku. Shafin JETS kuwa fari tas.

MALAM: Yanzu duk cikinku ba mai son JETS? Ku dubi wannan, 'yan bara ne suka ƙera.

Ya jawo wata mota daga ƙarƙashin tebur, jikin kwali, tayoyin silifas, an ciro ɗan injin tsohuwar rediyo mai kaset an ɗaure da kyauro. Ya haɗa waya da batir, ta yi ƙara ta tafi taku biyu ta kife.

BAFULATANI: Irin babur ɗinka ce Malam.

MALAM: Batirin ne ya yi sanyi! Ana zuwa gasa da irin wannan fa, daga shiyya zuwa jiha har ta ƙasa. Bana ma ƙaramin faifan sola na samo, zan koya muku yadda yake cika batir da rana a kunna ƙwai da dare, ku yi karatun WAEC ba ruwanku da NEPA.

BAKANO: Tsaya Malam. Solar nan, tana cajin waya?

MALAM: Tana yi. Amma an hana riƙe waya a makarantar nan.

BAKANO: Ƙwarai kuwa, an hana. Waya tamanin da uku ce aka hana a ɗakunanmu kaɗai, ban da na 'yan aji shida. Naira hamsin-hamsin, Malam lissafa. A rubuta ni JETS, ma'aji, kuma ni zan riƙe makullin.

MALAM: Tamanin da uku?! Kawo sunayensu yanzun nan!

BAKANO: Haba Malam, wa ke tona asirin kwastoma.

Malam ya zaro wayarsa zai kira malamin horo, ya danna, ya sake dannawa, ya buga ta a tafin hannu. Kwana huɗu ba wuta a kwatas.

MALAM: Cajin malamai nawa ne?

BAKANO: Ɗari.

MALAM: Solar tawa ce fa!

BAKANO: Shi ya sa ban ce ɗari biyu ba.