Gidan Cecil da mu masu salsala a ka

A gidan Hatfield da ke arewa da Landan akwai wata doguwar takardar fata da aka zana salsalar Sarauniya Elizabeth ta ɗaya a kai, tun daga kanta har Annabi Adamu. Dattijuwar da ke zagayawa da mu ta juyo tana murmushi, ta tambaye ni ko mu a Afirka muna ajiye irin wannan. Maganar ta tsaya min a wuya.

To su wane ne masu gidan? Tushensu William Cecil, wanda aka haifa a 1520, ya shekara arba'in yana yi wa Elizabeth hidima, ya zama Lord Burghley kuma ma'ajinta, har ya rasu a 1598. Ubansa bafade ne mai kula da tufafin Sarki Henry na takwas. Shi kuwa da ya samu duniya, sai ya duƙufa neman asali, yana ta jingina kansa da tsofaffin manyan yankin Wales. Mu dai mun san sunan irin wannan a gida. 'Ya'yansa biyu, Thomas da Robert, duk an ba su sarauta a 1605, Robert ɗin ne ya gama ginin nan a 1611. Jan bulo, bene mai sassaƙe, hotunan kakanni jere a bango, zuri'arsa kuma har yau suna ciki.

Gaskiya sun iya riƙo. Babban ɗa ke kwashe sarauta da gida, ƙanne su nemi na kansu, shi ya sa ba a tsaga gidan. Mu kuwa rabon gado ya fi adalci nesa ba kusa ba, ko da za a ja katanga a tsakar gida. Kuma maroƙin da zai miƙe ranar Sallah ya jero kakannin sarki da kirarin kowanne bai buƙatar takardar da aka adana cikin gilashi.

Abin da ya fi ci min rai ma daban ne. Daga tsatson Robert aka samu Lord Salisbury, firaministan da a 1890 ya yi yarjejeniya da Faransa aka ja layi daga garin Say da ke bakin Kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Cadi. Daga nan aka fara yanka ƙasarmu. Su zuri'arsu na gida ɗaya shekara ɗari huɗu, ni kuwa kawuna na Maraɗi sai ya tsaya a kan iyaka an duba takardunsa kafin ya zo zumunci Katsina.