Riƙon kuɗi daga gida ake taho da shi

'Yan uwana matasa ku zo mu faɗa wa juna gaskiya. Yadda kake riƙe kuɗi yau ba a jami'a ka koyo ba, a tsakar gida ka gani tun kana ɗan firamare.

Dubi yaron da ya tashi gidan ɗan kasuwar Kwari ko Singa, tun yana ƙarami ake zaunar da shi a shago, kullum yana jin baba na cewa wannan uwar kuɗi ce ba a taɓa ta, riba ake ci. Shi ko dubu biyar ya samu tunaninsa me zai saro. Wani kuma gidan albashi ya tashi, ƙarshen wata a ci nama kwana huɗu, kafin goma ga wata an koma rubuta bashi wajen mai shago, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce ga abin da ke shigowa ga abin da ke fita, don a wajenmu yaro ya tambayi albashin ubansa ai rashin kunya ne. Toh ya girma, alat na shigowa Opay hannu ya fara ƙaiƙayi.

Ba zagin iyaye nake ba wlh. Iyayenmu mata ma sun fi mu dabara nesa, ga asusu ga adashi ga 'yar akuya a bayan ɗaki saboda ranar asibiti. Amma a gidan dai muka ga an kwashi adashin shekara guda an narkar a anko da kayan ɗaki don kar dangin miji su raina. Mu kuma sai muka ɗauki kece rainin muka bar tattalin.

Shi ya sa MMM, harkar damfarar nan ta zuba kuɗi a ninka maka, ta kwashe mutane a 2016, irinta CBEX ta sake yi a 2025, har yanzu wani na jiran kuɗi ya ninka kansa yana kwance. Alhali tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san albashi ba ya isa, ko dubu saba'in ɗin mafi ƙarancin albashi da aka sa a 2024 ba ta kai ko'ina.

Dan Allah wannan watan kafin ka sayi data ka fara cire zubin adashi. In kana da ƙani ka ja shi cefane, ka miƙa masa kuɗin ya yi ciniki da kansa, ya dawo ya ba ka lissafin canji.