Wa ya tura 'yan kallo Escadrille?

Tun da shugaban Faransa Macron ya sanar ranar 24 ga Satumban 2023 cewa sojojin Faransa kusan 1,500 za su fice daga Nijar kafin ƙarshen shekarar, masu raina zaman dirshan da aka yi a Yamai don neman ficewar sojojin suka canza waƙa. Wai taron shataletalen Escadrille ba na 'yan gwagwarmaya ba ne, 'yan kallo ne kawai da marasa aikin yi. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu faɗin haka sun ga 'yan kallon, amma ba su taɓa tambayar abin da ya fito da su daga gida ba.

Ƙwarai akwai 'yan kallo, ni ma kallon ne ya kai ni. A lokacin, da dare za ka tarar da rumfuna da tabarmi a shataletalen, a gaban sansanin sojin sama na 101 inda sojojin Faransa suke, mai shayi yana fifita gawayi, mai tsire yana yanka, samari sun ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Magidanci ya tsaya daga gefe riƙe da hannun ɗansa, ba tuta, ba kwali, bai san kowa a ƙungiyar M62 mai adawa da zaman sojojin Faransa ba. Sai ya ji lasifika na ambaton ma'adinin uraniyom da ake haƙa a garin Arlit da duhun da ya baro a unguwarsu, ya gyaɗa kai. Gobe ya dawo da maƙwabcinsa.

Wa ya kawo duhun? Kwana huɗu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO (ECOWAS), ta rufe iyakoki ta ƙaƙaba takunkumi. A farkon Agusta Najeriya, wadda a lokacin take ba Nijar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinta, ta yanke wuta. Shinkafa ta yi tsada, magani ya yi wuya, motocin kaya suka maƙale a Malanville, garin Benin da ke kan iyaka da Nijar. Mutumin da gidansa ba wuta, ba fanka, ina zai tafi da dare in ba inda ake da haske da jama'a ba? An ce za a matsa wa Janar Tiani, jagoran juyin mulkin, sai aka matsa wa mai sayar da ƙanƙara, aka tura shi sauraron huɗubar masu goyon bayan sojoji kyauta.

Masu cewa kuɗin Rasha ne ya tara jama'ar, su tuna sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ban ce duk wanda ya leƙa Escadrille ya yarda da tsare hamɓararren shugaba Bazoum ba, kuma sojojin CNSP, majalisar mulkin soja, su daina lissafa kowane mai shan shayi a cikin magoya bayansu. Amma shugabannin CEDEAO da suka zauna Abuja suna jiran yunwa ta juya talakan Yamai a kan sojoji sun yi mummunan lissafi. Abin da ya kamata a yi a lokacin shi ne a maido da wuta, a buɗe wa abinci da magani hanya, sannan a zauna a yi maganar ranar zaɓe.