Sulhu ba ya tambayar digiri

Tun jiya raina a ɓace yake, kuma masu bibiyata sun san dalili. Hajiyar nan da na sha ba ku labarinta, wadda ta haura shekara 20 tana shiga tsakanin mutanen da suka zare wa juna wuƙa, an ce ba ta cancanci aikin jami'ar sasanci da wata ƙungiya ta tallata ba. Ko ɗakin ganawar ba a bari ta shiga ba. Ta zauna a benci da takardar shaidar malantarta cikin jakar leda, har wata yarinya sa'ar 'yarta ta fito ta ce, "Hajiya, a yi haƙuri, digiri na biyu aka ce." Ta miƙe ta ce, "Ba komai 'yata, Allah Ya yi mana zaɓi." Ita ta iya cewa ba komai. Ni na kasa.

Ƙungiyar nan ita ce ke kiran wayarta da tsakar dare idan rikici ya ɓarke. Na taɓa riƙe littafin Hajiya da hannuna, bangonsa ya yage, ciki sunayen matan da aka kashe wa mazaje ne, da yawan marayun kowace, da gidan da ba a gaisawa da su. Idan wuta ta kama sun san hanyar gidanta, ranar ɗaukar ma'aikata kuma sai a tuna ba ta da takarda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ku duba matan da duniya ke ambata a wannan fage, ku gaya min wace ce ta fara da digirin zaman lafiya. A 2003 Leymah Gbowee ta tara matan Laberiya, Kirista da Musulmi, cikin fararen kaya suna zaman dirshan a Monrovia don a kawo ƙarshen yaƙin basasa. Suka bi masu tattaunawa har Accra, suka tsare ƙofa, suka ce ba mai fita sai an daidaita. A watan Agustan shekarar aka sa hannu. Digirinta na biyu kan sasanta rikici sai 2007 ta samo shi a Amurka, bayan bindigogi sun yi shiru da shekara 4, sannan lambar Nobel ta biyo a 2011. Da a 2003 ta zo wannan ganawar, wallahi a bencin nan za a bar ta.

Mairead Corrigan sakatariya ce a Belfast ta Ireland ta Arewa lokacin da 'ya'yan 'yar'uwarta 3 suka rasu a rikicin 1976, ita da Betty Williams suka fito da dubban mata kan titi. Dekha Ibrahim Abdi malamar makaranta ce a Wajir ta ƙasar Kenya, kuma sulhun can daga kasuwa ya faro, don matan kowace zuri'a su saya su sayar ba tsoro. Gambo Sawaba a firamare karatunta ya tsaya, aka ɗaure ta sau 16 tana neman wa mata 'yancin zaɓe. Wa ya tambaye ta takarda a ƙofar kurkuku?

Na san abin da za ku cika min akwati da shi: wai ina raina ilimi. Ku bar wannan. Shirin Ebadi ta taɓa zama alƙaliya a Iran, kuma da sanin doka ta kare mata da yara. Idan mace ta shiga kotu kan gado ko riƙon 'ya'ya, lauya take buƙata wanda ya yi karatunsa da kyau. Amma ga Wangari Maathai, wadda ta karɓi Nobel a 2004: digirin digirgir ɗinta daga Jami'ar Nairobi a kan ƙirar jikin dabbobi ne. Ita ma tallar aikin nan za ta watsar da ita, a ce karatunta ba na fannin ba ne. To wa kuke nema ke nan?

Sai kuma masu cewa ai masu ba da tallafi rahoto suke so cikin Turanci mai kyau. Ku ɗauki mai rubuta rahoto mana, ku kira shi da sunansa. Rubuta rahoto aiki ne, sa uwar da aka kashe wa ɗa ta zauna ɗaki ɗaya da uwar wanda ya kashe shi wani aikin ne daban, kuma shi ne aka tallata. Wannan yarda ce da ake ginawa da zuwa ta'aziyya, da riƙe sirri, da shekaru. Ƙudurin Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1325, na watan Oktoban 2000, cewa ya yi a sa mata a teburin yanke shawara kan zaman lafiya. Bai gindaya digiri ba. Mu ne muka gindaya, har teburin ya koma na waɗanda suka iya cike fom.

Ƙannena da ke turo min saƙo kuna tambayar me za ku karanta don shiga wannan aiki, ku yi karatunku da gaske, lauya ne, jinya ce, malanta ce, lissafin kuɗi ne, duk ana buƙata. Amma ku nemi irin Hajiya ku zauna kusa da ita, ku ga yadda take yin shiru har mai fushi ya gama amayar da abin da ke cikinsa kafin ta ce uffan.

Af, har na manta. Hoton da ke bangon rahoton ƙungiyar na bara, Hajiya ce a tsakiya riƙe da hannayen mata biyu da suka shekara ba sa magana. A ƙasa an rubuta "wata mai cin gajiyar shirin". Ba a nemi izininta ba, ko kwafi ɗaya ba a aika mata ba, a wayata ta fara ganinsa. Wannan ɗabi'ar ta ɗaukar hoton mata ba tambaya ma sai mun zauna a kanta, don akwai waɗanda hoto ɗaya kan jefa cikin haɗari a garin da rikici bai gama lafawa ba.